Oga ya ce a shiga sailo a fasa masarar da ta daskare, ga amsarka

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta saƙonka har sau biyu kafin na fara rubutu. Ka ce watanka biyu da fara aiki a wani kamfanin ajiyar hatsi, an ɗora ka a kan sailo huɗu na ƙarfe, wato dogayen rumbunan zamani, da injin ɗaga hatsi, masarar da ke cikin ɗaya ta ƙi sauka, sai ta zubo kaɗan ta tsaya, kuma oga ya ce gobe ka sa leburori biyu su shiga ta ƙofar sama da shebur su tattake ta su farfasa, injin ƙasa yana ja. Kana so ka ji ko akwai hatsari, da kuma abin da ya kamata sabon shiga ya sani a wannan aiki.

Toh bari in fara da na goben tunda shi ne na gaggawa. Dan Allah kada ka sa kowa ya shiga, kai ma kada ka shiga. Abin da aka ce ka yi ɗin shi ne ainihin abin da ke binne ma'aikata da ransu a wannan sana'a, kuma a Amurka inda suke da irin waɗannan rumbuna da yawa doka ta haramta shi ƙarara, ba a yarda a sa mutum ya taka hatsi don ya gangara ba ko da minti ɗaya ne.

Na daɗe a wannan layi, daga kamfanin casar shinkafa na fara na koma na abincin kaji, kuma abin da na lura shi ne mutanenmu ba taurin kai ke sa su shiga ba, sabo ne. Mun taso da rumbun ƙasa da na kara, yaro ya faɗa ciki ya miƙo dami ko ya tsaya a kan tsabar dawa ya cika kwando, ba abin da ke samunsa, shi ya sa ko a mafarki hankalinmu baya kawo cewa hatsi zai haɗiye mutum. Amma rumbun gida ta sama ake ɗiba. Sailo ta ƙasa ake ja, daga wani rami a tsakiyar daɓen, sukuru, wani dogon murɗaɗɗen ƙarfe a cikin bututu, yana juyawa yana fitar da shi. Da zarar an kunna, hatsin da ke tsakiya tun daga can sama shi ke fara nutsewa, saman ya lotsa kamar mazurari, duk abin da ke kai sai ya bi. In mutum ne yana ɗaga ƙafa ɗaya ɗayar na ƙara zurfi, babu inda zai dogara. Hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta yi lissafin abin: daga kunna inji kana da daƙiƙa 2 zuwa 3 ka yi wani abu, a daƙiƙa 4 zuwa 5 ka maƙale ba za ka iya fita da kanka ba, a daƙiƙa 22 hatsi ya rufe ka ruf. Yanzu ka auna tsawon lokacin da zai ɗauka wanda ke bakin ƙofar sama ya yi ihu, wanda ke ƙasa ya ji cikin ƙarar inji da janareta, ya ruga ya kashe.

Na ga wannan da idona sau ɗaya, kuma Allah ya taƙaita. A shanshera ne, wani saurayi ya sauka ɗauko shebur ɗinsa da ya faɗa ciki, wani kuma a ƙasa bai san da mutum ba ya danna makunni. Aka yi sa'a an kashe da wuri, iya cinya ta kama shi. Ƙarti huɗu suka kama hannunsa suna ja, wallahi ko motsi bai yi ba, sai ihu yake a bari kafaɗarsa za ta goce. Hatsi yana riƙe mutum kamar siminti, wanda ya nutse zuwa ƙugu ma sai an sa ƙarfin da ya fi nauyin jikinsa nesa ba kusa ba. Sai da muka zagaye shi da falankan katako muka riƙa kwashe shansherar da ke ciki da kwano da bokiti, fiye da awa guda, sannan ya fito. Da ya kai ƙirji da labarin ya canza, don duk numfashin da mutum ya fitar hatsin matsowa yake ya cike gurbin, ba zai ƙara samun wurin buɗe ƙirjin ba.

Naka ma ya fi wannan muni, saboda ka ce ta zubo kaɗan ta tsaya. Wannan alama ce ta ɗayan abu biyu. Ko dai wani dunƙule ya toshe ramin ƙasa, ko kuma saman masarar ya yi ɓawo ya daskare, na ƙasa ya zube ya bar kogo. Ka leƙa ta ƙofar sama da tocila, daga waje. In ka san an fitar da tan goma ko ashirin amma saman yana nan sumul bai lotsa ba, babu wannan siffar mazurarin, toh abin da kake gani gada ce a kan rami. Tana iya ɗaukar tsuntsu, ba za ta ɗauki mutum ba. Yana takawa za ta burma, ya faɗa kogon, masarar gefe ta rufto masa, ko da inji a kashe yake. Akwai kuma na uku da ke zuwa daga baya, lokacin da aka kusa kwashewa sai ka ga masara ta manne a bango tsaye kamar katanga ta fi mutum tsawo, lebura ya tsaya a gindinta yana zungura da sanda, ta zabtaro gaba ɗaya.

A watan Yulin 2010 a wani ƙaramin gari Mount Carroll a jihar Illinois, an sa samari su shiga rumbun masara su tattake ta injin yana ja, daidai umarnin da aka ba ka. Biyu suka mutu, ɗan shekara 14 da ɗan shekara 19, na ukun sai da aka kwashe awanni ana tono kafin a ciro shi da rai. A shekarar 2010 ɗin kaɗai sama da mutum 50 hatsi ya rufe a Amurka, kusan rabinsu ba su fito da rai ba. Kuma ka san dalilin da ya sa 2010 ta fi sauran shekaru? Masarar da suka girbe a 2009 da danshi aka zuba ta a rumbu saboda yanayin shekarar, ta dunƙule, aka yi ta tura mutane su fasa. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Abin da za ka yi gobe. Da farko a kashe duk injin da ke shigar da hatsi ko fitar da shi daga wannan sailon, ba danna jan maɓalli kawai ba, a sauke babban makunnin a sa masa kwaɗo, mukullin yana aljihun wanda ke aikin, a rataya kwali a rubuta da Hausa cewa akwai mutum a kai. Kwaɗon ba wani tsada gare shi ba, amma shi kaɗai zai hana irin abin da ya samu yaron can na shanshera. Sannan a kunna fankar iska ta sailon ta ɗan jima kafin kowa ya kai fuskarsa bakin ƙofa. Daga waje, mutum yana tsaye a kan dandamali ɗaure da ɗamarar tsaro, a sa doguwar gora a riƙa zungurar ɓawon har ya karye. In sandar ƙarfe ce a duba wayar lantarki da ke kusa kafin a ɗaga ta. In toshewar a ramin ƙasa take, ana iya zura rodi ta bututun sukurun bayan an kulle injin. Kuma kada wani ya ce ai akwai ƙananan ramuka na gefe a buɗe su a ja ta nan, sailon ƙarfe in yana cike ba a jan sa ta gefe ɗaya, nauyin zai koma ɓangare guda bangon ya lanƙwashe, yana iya faɗuwa. Ta tsakiya ake farawa sai ta daina zuba sannan a buɗe na gefe. In duk wannan ya gagara a kira kamfanin da ya kafa sailon ko masu injin zuƙo hatsi. Kwana uku na jira ya fi sauƙi a kan zuwa gidan wani da gawar ɗansa.

In ta kama dole sai an shiga, wanda a ganina naku bai kai nan ba tukuna, toh akwai sharuɗɗa kuma ba a zaɓar wasu a bar wasu. Takardar izini da sa hannun manaja. Inji a kulle. A auna iskar ciki da mita, oksijin kada ya gaza kashi 19.5 cikin ɗari, a duba gubar feshi. Mai shiga ya sa ɗamarar da ke kama kafaɗa da cinya, igiyar a ɗaure ta sama a ɗame yadda ko ya burma ba zai wuce ƙugu ba, igiyar da aka ɗaura a ƙugu aka bar ta tana reto amfaninta kawai a gane inda gawa take. Mutum ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa, aikinsa kallo kawai, ba a aikensa sayen ruwa, baya danna waya. Kuma ba a shiga ƙarƙashin gada ko gindin katangar hatsi ko da duk waɗannan sun cika.

Yanzu ga maganar da nafi so ka ji, don ita ce tushen. Busasshiyar masara mai tsabta ba ta daskarewa, zuba take kamar ruwa, ba wanda zai taɓa bukatar shiga. Matsalar da kake gani yau a bakin get aka karɓe ta watannin baya. Tun ran gini tun ran zane. Ina tuna wata tirela da ta zo mana a ƙarshen Oktoba, sabuwar masara ce jawur gwanin kyau, dillalin ya ɗebo ya ciza ta yi ƙas ya ce kaji ai ta bushe. Na zura bututun ɗiba har tsakiyar buhunan da ke can ƙasa, na sa a mitar auna danshi, ta nuna kashi 17 cikin ɗari. Ya yi rantsuwa, direba ya yi fushi yana so ya sauke ya juya, aka kira manya a waya, a ƙarshe aka ce a karɓa a gauraya da busasshiya ai za ta bi. Ba ta bi ba. Kafin watan Fabrairu sailon nan in ka dafa bangonsa ta ɓangare ɗaya da asuba za ka ji ɗumi, in an buɗe sama wani wari mai tsami kamar na ƙullun da ya kwana, muka yi asarar da ta ninka ribar tirelar sau ban san adadi ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, toh a nan wurin ido da haƙori basu isa ba, bambancin 13 da 16 haƙori baya gane shi sosai amma sailo yana ganewa.

Masarar da za ta daɗe kada danshinta ya wuce 13 cikin ɗari, dawa ma wajen haka, shanshera 13 zuwa 14, waken soya ya fi son 11 zuwa 12 saboda mai. Dalili shi ne ƙwayar hatsi abu ne mai rai, tana numfashi, ƙwari da fumfunar da ke jikinta su ma suna yi. In danshi ya yi yawa numfashin ya ƙaru, yana fitar da zafi da ruwa da iskar kabon, zafin ya ƙara wa fumfuna ƙarfi, ita kuma ta ƙara zafi, haka abin zai yi ta ciyar da kansa har ƙwayoyin su manne su zama dutse, wani lokaci har su kama wuta da kansu. Ka tuna manyan rumbunan tashar jirgin ruwan Beirut da fashewar 4 ga Agustan 2020 ta lalata? Hatsin da ya rage a ciki ya sha ruwa ya ruɓe, a 2022 ya kama ci da wuta makonni, har wani ɓangare na ginin ya rufta. Ita kuma iskar kabon ɗin ta fi iska nauyi, kwanciya take a kan hatsin da cikin ramin gindin elebeta, wato injin ɗaga hatsi, ba ta da wari, mutum zai sauka lafiya ƙalau ya yanke jiki ya faɗi, na biyu ya bi shi ceto shi ma ya faɗi.

Ga kuma abin da ba a gani a ranar. Fumfunar masara da gyaɗa tana haifar da gubar afulatoksin, wadda girki baya kashe ta, tana cin hanta. A Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu sanadin cin masarar da ta yi irin wannan lalacewa. Saboda haka dunƙulen da za ku fasa ɗin nan, baƙi-baƙi ko kore-kore, kada a bari a tara shi a buhu a kai kasuwa a niƙa wa mutane tuwo, kada kuma a ce ai kaji ne za su ci, yana kashe su, kuma a shanu yana bi ta madara. Masu kwashewa su sa takunkumi na gaske mai tace ƙura, ba ƙyalle ba.

Yanayinmu ma yana da nasa. Ƙarfe yana ɗaukar zafin rana sosai da tsakar rana, da dare ya huce, sai tururin da ke tashi daga cikin hatsi ya taru a ƙarƙashin rufi ya riƙa ɗiga kamar raɓa, nan ɓawon sama ke farawa ko da hatsin ya shiga da ɗan dama-dama. Maganinsa fanka, amma da sanin lokaci. Iskar hunturu kyauta ce Allah ya ba mu, busasshiya mai sanyi, a kunna da dare da asuba a sanyaya hatsin tun daga Disamba. Da damina kuwa in ka kunna fanka ana tsaka da laima ruwa kake ɗura wa sailon da hannunka. Bayan an gama cikawa a ja ɗan kaɗan daga tsakiya a sake zubawa, saboda gari da ɓarzajjen hatsi a tsakiya suke taruwa su toshe hanyar iska. In akwai wayoyin auna zafi a ciki a karanta su duk mako a rubuta a littafi, wuri ɗaya da ke hawa a hankali alhali sauran suna tsaye shi ne wurin da ɓarna ta fara. A duba rufi da bakin ƙofofi kafin ruwan farko.

Sai ƙura, wadda ita ce ban ga alamar an yi maka maganarta ba ko kaɗan. Injin ɗaga hatsin nan, elebeta, bel ne mai bokitai yana gudu cikin dogon akwatin ƙarfe, yana ɗebowa daga rami yana juyewa a sama. Cikin akwatin nan in yana aiki cike yake da ƙurar hatsi tana yawo, kuma ƙurar hatsi in ta tashi a iska a rufaffen wuri, albarushi ce. Ka taɓa watsa garin masara a wuta ka ga yadda ya yi fuu? Toh ka ƙaddara hakan a cikin bututun da ya kai tsawon bene mai hawa goma. Tartsatsi ɗaya take jira. Kuma fashewar farko ba ita ke rusa wuri ba, ita girgiza ginin take, duk ƙurar da ta kwanta a kan ƙarafa da bututu da saman fitilu ta tashi sama, wutar ta same ta, sai ta biyu ta tashi, ta uku ta biyo, ta bi ramin bel daga wannan sailo zuwa wancan cikin ƙiftawar ido.

Ranar 22 ga Disambar 1977 rumbun Continental Grain da ke Westwego a bakin kogin Mississippi kusa da New Orleans ya fashe, mutum 36 suka mutu, da yawansu a ofis suke hasumiyar injin ta faɗo musu. Bayan kwana biyar wani ya tashi a Galveston ta jihar Texas, mutum 18. Waɗannan ne suka tayar da hankalin Amurka har aka kai ga dokar aikin rumbunan hatsi ta 1987, kuma duk da dokar an sake yi a Haysville ta Kansas a 1998 mutum 7, da Atchison a 2011 mutum 6. A Faransa ma a garin Blaye a 1997 mutum 11, yawancinsu a ofisoshin da aka gina a gindin rumbun. Shi ya sa raina ke ɓaci in na shiga kamfani na ga an kafa ofis ko wurin sallah ko rumfar mai abinci a jikin sailo don ana samun inuwa. Inuwar tana da daɗi, na sani, amma a matsa.

Dokar ta Amurka ta ce a wuraren da ke kusa da elebeta in ƙura ta kai kaurin kashi ɗaya cikin takwas na inci, wato kamar milimita 3, dole a share nan take. Ni abin da nake gaya wa yarana ya fi sauƙi: in ka ja yatsa a kan ƙarfe ya bar layi, ko ka taka ka ga sawunka, an makara da shara. Kuma shara da tsintsiya mai laushi a hankali ko injin zuƙa da aka yi don wannan aiki, ba a hura ta da iskar kwamfireso inji yana aiki, wannan kai ne da kanka kake haɗa gajimaren da zai tashi. A share sama ma, ba ƙasa kaɗai inda baƙi ke gani ba.

Tartsatsin kuma daga ina yake zuwa? Mafi yawa daga boris da ya bushe ya yi zafi, ko bel da ya karkace yana gugar jikin akwati, ko elebeta ta shaƙe da hatsi bel ya tsaya amma fule, ƙarfen da ke jan bel ɗin, yana ci gaba da juyawa a kansa har roba ta kama. Wani dare ina zagaye na ji ƙaurin roba kaɗan-kaɗan a gindin elebeta, na kai bayan hannuna kusa da gidan boris na ji kamar murhu, fentin wurin har ya canza launi, ƙura kuma ta lulluɓe shi. Muka tsayar da komai. Makanikin da ya buɗe ya tarar babu giris ko ɗigo, ƙwallayen sun yi shuɗi. Tun daga ranar na sa aka sayi ƙaramar bindigar auna zafi, kowane shif sai an bi boris ɗaya bayan ɗaya an rubuta. In elebeta ta shaƙe kada a yi ta kunnawa ana kashewa wai ta ƙwace, a kulle a buɗe gindin a kwashe da hannu. A sa raga da maganaɗisu a ramin sauke kaya, don hatsinmu na kasuwa yana zuwa da ƙusa da dutse da guntun ƙarfe. Walda da gurinda kuwa sai da takardar izini, a tsayar da inji, a share wurin tas, a jiƙa, a ajiye mutum da abin kashe gobara ya zauna gadi bayan an gama, don ƙura tana iya cin wuta a ɓoye ta daɗe kafin ta nuna. Sigari kuwa, ko ashana a aljihu ban yarda a wuce get da ita ba. Fitila da soket su zama rufaffu, ba ƙwan da aka rataya da waya tsirara ba. In kuma wuta ta kama a cikin hatsi, a gaya wa 'yan kwana-kwana kada su buga ruwa da ƙarfi ya tayar da ƙura, kuma kada a cika sailo da ruwa don hatsi kumbura yake ya tsaga bango.

Maganin ƙwari shi ma yana kisa, kuma shi ne wanda mutanenmu suka fi rainawa saboda ana sayar da shi a kowane shago. Ƙwayar nan ta Phostoxin da ire-irenta, in ta sha danshin iska tana sakin gas ɗin fosfin, kowace ƙwaya mai giram 3 tana ba da giram 1. Wani lokaci za ka ji warin tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi, amma kada ka dogara da hanci, mita ce ke faɗin gaskiya. Babu allurar da ke karya wannan guba. Sai an toshe sailon ko an rufe tarin buhu da tamfol mara huda an danne gefensa, a bar shi aƙalla kwana 5 zuwa 7, a kafa alama, maigadi kada ya kwana a jikin wurin, sannan a buɗe a sha iska a auna kafin kowa ya kusanta. In ruwa ya taɓa ƙwayoyin a tare suna iya kamawa da wuta, don haka ba a tara su wuri ɗaya, ba a zuba ragowar tokar a kwata. Masu rage adadi ko buɗewa bayan kwana biyu don mota na jira, ƙwarin basu mutu ba, sai ma ƙara musu juriya da suke yi. Kafin ka bar kowa ya kai kansa bakin sailon nan gobe ka tambaya yaushe aka sa masa magani na ƙarshe. Fiya-fiya kuwa ba ta da hurumi a jikin abinci sam, irin wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015. In kana son horo na gaske a kan ajiya ka nemi cibiyar binciken ajiyar amfanin gona ta Najeriya, NSPRI, hedikwatarta a Ilorin, suna da ofis a Kano.

Sauran ƙananan da ke cire hannu da ƙafa ka riga ka gansu: murfin sukuru da aka cire ba a mayar ba, babbar riga ko rawani kusa da bel, hawa tsani da kaya a hannu, tirela tana baya ba mai duba mata, tarin buhu da aka zaro daga ƙasa. Ka sa a mayar da duk murfin da aka cire kafin a kunna, ko da sau goma za a buɗe a rana.

In kuma Allah ya ƙaddara wani ya nutse, ko a wurinku ko a maƙwabta, a kashe injin fitarwa a kulle, a kunna fanka don iska ta riƙa ratsa hatsin, mutum yana iya rayuwa a ƙarƙashi fiye da yadda ake zato saboda haka kada a yanke ƙauna. A kira 'yan kwana-kwana nan take. Kada jama'a su yi tururuwa su faɗa ciki, nauyinsu ƙara danne shi yake, mutum biyu masu igiya sun isa, su shimfiɗa katako su taka a kai. Kada a ɗaura masa igiya a ja da mota ko inji, za a raba masa gaɓoɓi. A zagaye shi da falanki ko durom da aka yanke sama da ƙasa, a kwashe na cikin. In ya nutse gaba ɗaya, masu ceto kan yanka ƙofofi a bangon sailon a wurare da ke fuskantar juna don hatsin ya zube daidai ta ko'ina, wannan aikin wanda ya sani ne saboda tartsatsi da faɗuwar bango. Kuma ko ya fito yana tafiya da ƙafarsa yana cewa lafiyarsa lau, a kai shi asibiti a ranar, matsewar da tsoka ta sha tana iya taɓa ƙoda daga baya.

Da safe kafin ka je wurin oga ka fara leƙa saman sailon da tocila ka ɗauki hoto, ka duba littafin sikeli ka ga tan nawa aka fitar, ka ɗebo samfurin abin da ya zubo ka sa a mita. Ka je masa da waɗannan ukun a hannu cikin ladabi, ka ce ranka ya daɗe ga abin da na gani, ga yadda nake so mu gwada daga waje tukuna. Ka turo min hoton da lambar da mitar ta nuna, da tsawon sailon da irin ramukan da ke ƙasansa, sai in gaya maka ta inda za ku fara zungura.